Igiyar da Na Kwance a Bayan Mai Jan Ciki

Da sunan Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya kafa mata duwatsu, Ya ɓoye ruwa a cikinta inda Ya so, Ya tara shi a fili inda Ya so. Na zaune ya gyara zama, na tsaye ya nemi inuwa. Ni ne Barau ɗan Magaji, mahaƙin rijiya daga Tudun Garwa, kuma labarin da zan ba ku ba na jin daɗin ba da shi. Na bar gida da yatsu goma na dawo da bakwai. Na tafi da yayana Jatau yana taka ƙafafunsa biyu, na dawo da shi yana dogara sanda. Wannan kuwa shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da aka rasa.

A shekarar da rijiyoyin ƙasarmu suka fara ja da baya, wani bafatake ya sauka a zauren mahaifinmu, ya ce can arewa da arewa, a ƙasar Kalmazar, akwai kogin da ya daskare tun daga kan dutse har gindinsa, ruwa tsibi guda, mutum yana tafiya a kansa kamar a kan fako. Dattawa suka yi dariya. Ni da Yaya Jatau ba mu yi ba. Muka ce in har akwai mutanen da ruwa ke zama a ƙofarsu shekara da shekaru bai gudu ba, to akwai abin da za a koyo a wurinsu. Muka ɗaura kaya, na soke guntun dagina a ɗamara, ƙarfen da nake sara ƙasa da shi tun ina saurayi, muka bi ayari.

Wata goma sha ɗaya muka yi a hanya. Mun ƙetare hamadar gishiri, inda tafin raƙumi ke tsagewa yana jini. A can ruwan ayari ya ƙare, mutane suka fara yi wa juna wasiyya. Na ga wata ciyawa mai kauri a gindin tudu, na ce a nan za a haƙa. A gaba bakwai muka tarar da ruwa. Tun daga ranar madugu ya daina kiran sunana sai Sarkin Ruwa, ni kuwa kaina ya kumbura, ban ankara ba. Daga nan muka haye wani tafki a jirgin fata, muka ratsa dajin da itatuwansa ba su da ganye sai allurai, har muka iso inda numfashin mutum ke fita kamar hayaƙi.

Garin da ke gindin dutsen gidajensa na dutse ne, ciyawa na tsiro a kan rufinsu. Baƙi daga ƙasashe da yawa suna sauka a wurin don kallo kawai. Ba mu daɗe ba muka gane babu wata dabara da za mu koya. Sanyi ne ke riƙe musu ruwa, sanyi kuwa ba ya shiga mangala. Yaya ya ce to mu huta mu juya. Na ce ba zan yi wata goma sha ɗaya ba in koma ban taka abin da na zo dominsa ba.

Mutanen wurin suna kiran kogin Mai Jan Ciki, domin sun ce yana tafiya, taƙi ɗaya ko biyu a yini. Ba a hawansa sai da jagora. Aka haɗa mu da wata mata mai suna Iltam, gajeriya, za ta kai shekara arba'in, sanyi ya ƙone mata kunci ya yi baƙi. Tana jin harshen fatake, wanda mu ma muka tsinta a hanya. Ta ba mu takalma masu haƙoran ƙarfe da sanduna masu tsini, ta shafa mana baƙin tukunya a ƙarƙashin ido saboda hasken ƙanƙara yana makantarwa. Sannan ta ɗauko igiya doguwa ta yi mata ƙulli uku, ɗaya a ƙugunta, ɗaya a ƙugun Yaya, na ƙarshe a nawa. Sharuɗɗanta biyu ne. Ba mai kwance igiya sai ita. Kuma in ta ce a juya, a juya, don rana in ta ɗaga tana laushe dusar ƙanƙarar da ta rufe bakin ramuka, sai mutum ya taka abin da yake zaton ƙasa ce.

Muka yi sallar asuba da taimama, don ruwan buta ya zama dutse, muka kama hawa.

Na ga abubuwa a duniya, amma ban ga irin wannan ba. Faɗinsa ya fi tafiyar rabin yini, tsawonsa ido bai kai ƙarshe ba. Daga nesa fari ne, amma in ka leƙa tsaga sai ka ga shuɗi wanda babu marinar da ta taɓa fitar da irinsa. Yana nishi a ƙarƙashin ƙafa kamar tsohon sa, wani lokaci ya saki ƙara kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. Mun wuce dutse mai girman rumbu yana zaune a kan siririn ginshiƙin ƙanƙara. Mun ga akuyar dutse a cikin bango kamar an sa ta a kwalba, gashinta bai zube ba. Yaya sai tasbihi yake yi.

Abin da ya kama ni kuwa shi ne rijiyoyin. Da hantsi ya yi, ƙananan ƙoramu suka fara gudu a gadon bayan kogin, kowace ta tafi ta faɗa wani rami zagayayye, mai santsi, miƙaƙƙe, wanda ba hannun da ya haƙa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina neman bangon rijiya ya miƙe, sai ga shi an yi shi ba dagi ba guga. Na jefa tsakuwa a ɗaya, na ƙirga har goma sha biyu ban ji saukarta ba. Iltam ta ga yadda na tsaya, ta ce waɗannan yara ne, uwarsu tana can gaba, bakinta zai haɗiye gida. Ta nuna da sandarta. Ina hango tururin ruwan yana tashi, bai fi jifa uku ba.

Sai ta kafa sandar a ƙasa ta dubi inuwarta, ta ce lokaci ya yi, a juya.

Na roƙe ta, ta ƙi. Ta ce gobe ma rana ce. Na ce ayarin da za mu bi gobe zai tashi. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, “Barau, abin da muka gani ya isa. Matar nan ta fi mu sanin gidansu.”

Na ce masa ni da na shiga rijiya mai gaba talatin ba za a tsorata ni da rami ba. Suka juya suka fara sauka, ni ne a baya. Na sa hannu a ƙuguna na kwance ƙullin, na ajiye igiyar a hankali don kada su ji, na nufi tururin da sauri.

Na isa. Na gan ta. Ba zan ɓoye muku ba, ta kai yadda aka faɗa: ruwa na zuba cikin shuɗin duhu yana ruri, bakan gizo na tsaye a bakinta. Ban yi numfashi goma ina kallo ba na ji ana kiran sunana. Na waiga, na hango Iltam tana bin sawuna, tana soka sanda kafin kowane taki, Yaya na biye. Inda na bi na wuce lafiya, nan ta sa ƙafa. Ashe nauyina ya riga ya raunana wurin. Dusar ta buɗe ba ƙara, ta shige. Igiyar ta miƙe ta fizgi Yaya, ya faɗi rub da ciki, yana kartar ƙanƙara da farce, ya bi ta.

Na rarrafa zuwa bakin tsagar na leƙa. Faɗinta a sama bai fi kamu huɗu ba, tana tsukewa tana yin ƙasa. Na kira, Yaya ya amsa da salati. Igiya tana wurinsu, ba kowa a kan kogin sai ni. Sai na yi abin da na iya. Na zaro dagi, na jingina baya da bango ɗaya, na tokare ƙafafu da ɗayan, ina sara matakai ina sauka, kamar yadda mahaifinmu ya koya mana a rijiyar da ba ta da tsani. Ƙanƙarar ta fi marmara tauri. Kafin na yi gaba biyar hannuna na hagu ya daina jin ƙarfen.

A wajen gaba takwas na tarar da Yaya a kan wani ɗan dandamali, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ya nuna mini ƙasa.

Iltam tana gaba uku a ƙarƙashinsa, inda bangon biyu suka kusa haɗewa. Ta cushe daga ƙirji zuwa ƙasa, hannu ɗaya a sama, ɗaya a matse. Na sauka har inda kafaɗuna suka ƙi wucewa, na miƙa hannu, yatsuna suka taɓa nata. Muka ja igiya ni da Yaya, ta yi wata ƙara da har yau nake ji, ta ce mu bari, haƙarƙarinta ne ke karyewa. Na juya kaina ƙasa, Yaya ya riƙe ƙafafuna da igiya, na shiga sara bangon da ke gefenta. Kowane sara sai ɓarɓashi ya zuba mata a fuska, abin da nake cirewa kuma bai fi cikin cokali ba. Can na lura da abin da ita ta riga ta sani. Ɗumin jikinta yana narkar da bangon, duk lokacin da ta saki numfashi sai ta ƙara nutsewa kaɗan. Yatsun da na taɓa ɗazu, yanzu dagi ne kawai ke kai musu.

Na ci gaba da sara har jini ya fara bin ƙarfen. Sai ta ce, “Baƙo, tsaya ka saurara, maganata ba ta da yawa.”

Ta ce kada mu koma ta sama, bakin tsagar ya yi laushi, ba zai ɗauki mutum biyu ba. Ta ce dandamalin da Yaya yake kai yana tafiya ta hannun hagu har ya shiga hanyar ruwa. Yanzu hanyar cike take, amma in inuwar dutse ta rufe kogin bayan la'asar, narkewa za ta tsaya, ruwan ya ja baya, mu bi shi. Ta ce za mu buƙaci igiyar duka. Na ce ba zan kwance ta daga jikinta ba. Ta ce dama ba ni ke kwancewa ba. Na ga hannun nan nata na sama ya sauka da ƙyar, ya daɗe yana motsi a wajen ƙirjinta, sannan igiyar ta yi sako-sako a hannuna.

Na ce mata, “Ki yafe mini.”

Ta ce, “Sunan mijina Orsu. Gidan da ke da jan ƙyaure. Ka dubi duwatsun da ke gefe in kun fita, ka riƙe wurin nan a kanka. Zai tambaye ka.”

Ban tafi ba. Na zauna a saman inda take, ina yi mata magana don ta san akwai mutum. Na ba ta labarin Tudun Garwa, da yadda mata ke waƙa in sabuwar rijiya ta kawo ruwa. Da fari tana amsawa. Daga baya ta koma harshensu, tana magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Daga baya sai ruri na ruwa kawai. Hasken da ke saukowa ya tashi daga shuɗi ya koma toka, na gane inuwar ta iso.

Na karya sandar Yaya biyu na ɗaure masa ƙafa, na goya shi, na zagaye mu da igiya. Muka bi dandamalin ina dafa bango. Yadda ta faɗa haka muka tarar: wani kogo zagayayye, ruwan da ya cika shi ɗazu ya sauka zuwa gwiwa, alamarsa tana nan a sama. Sanyin ruwan nan ba sanyi ba ne, wuta ce. Inda rufin ya yi ƙasa sai in kwantar da Yaya in rarrafa gaba in jawo shi da igiya. Sau biyu hanyar ta zama gangare, na kafa dagi a tsaga na zura shi, sannan na bi. Duk wannan bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, sai dai in ya suma ya farfaɗo ya tambaye ni ko an yi la'asar.

Sai muka zo inda hanyar ta rabu biyu, Iltam kuwa ba ta ambaci wannan ba. Ta dama faffaɗa ce, ruwa mai yawa na binta, har da ɗan haske. Ta hagu ƙunci ce, baƙi ƙirin. Zuciyata ta so ta dama. Amma na tsaya na ɗebi ruwan kowace na kai baki. Na dama garau yake, ba ɗanɗanon komai, ruwan da bai taɓa ganin ƙasa ba. Na hagu da na tauna sai na ji yashi a haƙori, da ƙanshin laka. Na ce wa Yaya wannan ta taɓa gefen dutse, waccan kuwa cikin kogin za ta kai mu. Ya ce in bi abin da harshena ya gaya mini. Ba mu yi nisa a ta hagu ba muka ji ta daman tana zuba a wani rami da ruri mai nisan gaske.

Mun yi ta jan ciki a laka da tsakuwa har na daina sanin hannuna daga dutse. Can iska ta taɓa mini fuska. Na tura wani dutse da kafaɗa, muka faɗo waje a gefen kogin, rana tana gab da faɗuwa. Na tuna da abin da ta ce, na ɗaga kai. Akwai wani tsauni mai kai biyu, da farin zane a ƙirjinsa, daidai saitin inda muka baro ta. Masu kiwon awaki suka tsince mu.

Wanzamin garin ya yanke ƙafar Yaya daga ƙasan gwiwa. Ni kuma yatsu uku na hagu suka yi baƙi, ya cire su. Kwana shida ina kwance. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya tambaye mu komai. Suna kawo mana romo su ajiye su fita. Da zagi suka yi da ya fi mini sauƙi.

Ran na bakwai da safe na naɗe igiyar na nufi gida mai jan ƙyaure. Orsu dogo ne, furfura ta cinye masa gemu, yana zaune yana gyaran takalmin ƙarfe. Na durƙusa na ajiye igiyar a gabansa. Na yi niyyar in ce tsautsayi ne, don har a hanya ina shirya kalmomin. Ya ɗauki igiyar yana bi da yatsa, ya tsaya a inda ƙullina yake, wurin da igiyar ta lanƙwashe ba ta tsinke ba, ba a kuma yanke ta ba. Ya dube ni. Sai na faɗa masa duka, tun daga inuwar sanda har zuwa lokacin da ta yi shiru.

Sannan ya tambaye ni ko ita kaɗai ce lokacin da ta tafi. Na ce ina wurin. Ya gyaɗa kai, ya miƙe ya ce in biyo shi.

Muka hau wani tudu da ke kallon kogin gaba ɗaya. Ya ce in nuna masa. Na nuna tsauni mai kai biyu, na nuna tururin uwar rijiyoyi, na ce tsakaninsu, gaba goma sha ɗaya a ƙasa. Ya ciro wani zare mai ƙulle-ƙulle daga aljihu, ya miƙa hannu ya auna daga wurin zuwa bakin kogin can ƙasa, inda ƙanƙarar ke ƙarewa ruwa ya fito. Yana aunawa leɓɓansa na motsi. Na tambaye shi me yake ƙirgawa.

Ya ce Mai Jan Ciki ba ya riƙe kowa har abada. Duk wanda ya haɗiye yana tafiya da shi a hankali, wata rana ya ajiye shi a bakinsa, da tufafinsa, da fuskarsa yadda take ranar da ya shiga. Shi ya sa suke son sanin wurin, don a san shekarar da za a fara zuwa jira, a karɓe shi a binne.

“Shekara talatin da takwas,” in ji shi. “Ko da arba'in. Ni ba zan kai ba. ’Yarmu tana aure a kwari, ita za ta je. Ranar da za ta wanke ta, za ta girmi uwarta.”

Ya mayar da zaren aljihu. Na ce ya yanke mini duk hukuncin da ya ga dama, ko bauta ce zan yi masa. Ya ce ba ya bukatar bawa, kuma ba ya son ya riƙa ganina a garin. Ya sauka ya bar ni a kan tudun.

Da Yaya ya iya zama a kan jaki muka bi wani ayari muka juyo. Shekara guda da wata biyu muka yi kafin mu ga Tudun Garwa. A duk tsawon hanyar nan, da shekarun da suka biyo baya har Allah Ya karɓi ransa, Yaya Jatau bai taɓa ambata mini igiyar ba. In mutane suka tambaye shi ƙafarsa, sai ya ce sanyi ne ya ci. Ni ne nake bin bayansa ina gyara maganar.

Ban ƙara shiga rijiya ba, hannun ba ya riƙe dagi. Ina zama a baki ina riƙe wa masu shiga igiya, kuma sun san ba na magana da kowa sai na ga kan mutum ya fito.

Nan labarina ya tsaya. Wanda ya ji, ya yi wa Iltam fatan alheri ko da bai san ta ba. Kowace shekara in damina ta faɗi ina ɗaura ƙulli ɗaya a wani zare da ke rataye a ɗakina. Bana na ɗaura na goma sha tara. Tana nan tafe, ta kusa rabin hanya.